Willem Einthoven: Likitan da ya gano dalilin da zanen bugun zuciya ke hawa sama ko nutsawa ƙasa

Duk wanda hawan jini ko ciwon ƙirji ya taɓa kai shi babban asibiti, a Daura ne ko Katsina ko Kano, zai iya tuna wani gwaji da ake kira ECG. Ana kwantar da mutum rigingine, a liƙa masa wayoyi a hannuwa da ƙafafu da ƙirji, cikin ɗan lokaci na'ura ta fito da takarda mai zane-zane, wani layin ya yi tudu, wani ya yi kwari.

Zuciya ɗaya ce take bugawa, amma zanenta iri goma sha biyu ne a takardar. A wani wurin tsinin ya kalli sama, a wani ya kalli ƙasa. Likita kuma da waɗannan tudu da kwari yake yanke hukuncin ko a sallami mutum ya tafi gida, ko a garzaya da shi ɗakin masu neman agajin gaggawa.

Mutumin da ya fara fayyace dalilin wannan bambanci shi ne Willem Einthoven, wani malamin jami'a ɗan ƙasar Holan da ya rasu a 1927. Shi ya ƙera na'urar farko da ta ɗauki zanen yadda likita zai iya dogara da shi, shi ya raɗa wa sassan zanen suna, kuma shi ya nuna cewa inda aka ɗora waya a jiki ne ke sa zane ya hau ko ya sauka.

Maraya daga tsibirin Java

An haifi Einthoven ranar 21 ga Mayun 1860 a birnin Semarang da ke tsibirin Java, cikin ƙasar da yanzu ake kira Indunusiya, wadda a lokacin Holan ke yi wa mulkin mallaka. Mahaifinsa, Jacob Einthoven, likitan soja ne da daga baya ya zama likitan gari.

Yana ɗan shekara shida mahaifin ya rasu. Bayan shekara huɗu, a 1870, mahaifiyarsa Louise de Vogel ta kwashi 'ya'yanta shida ta koma Holan, suka zauna a birnin Utrecht.

A 1878 ya shiga Jami'ar Utrecht karatun likita da tallafin rundunar soja, bisa sharaɗin idan ya gama zai koma yankunan mulkin mallaka ya yi aiki kamar yadda mahaifinsa ya yi. Saurayi ne mai son motsa jiki, yana tuƙin kwale-kwale, yana wasan takobi. A wajen wasa ne ya karye a wuyan hannu, kuma zaman jinyar ya sa ya tsunduma nazarin yadda hannu ke juyawa da yadda gwiwar hannu ke aiki. Wannan ya zama bincikensa na farko da ya ja hankalin malamansa.

Ya yi aiki a ƙarƙashin manyan likitocin ido biyu, Herman Snellen, wanda ya ƙirƙiro allon haruffan da har yau ake gwada ƙarfin gani da shi, da kuma Franciscus Donders. A 1885 ya samu digirin digirgir da bincike a kan yadda launi ke sa ido ya ga abu kusa ko nesa.

Ana cikin haka kujerar farfesan ilimin aikin sassan jiki ta Jami'ar Leiden ta zama babu kowa. Aka ba Einthoven, yana da shekara 25 kacal. Ya kama aiki a farkon 1886, ya biya sojoji kuɗin da suka kashe masa, ya auri 'yar uwarsa Frédérique de Vogel a shekarar. A Leiden ya zauna har ƙarshen rayuwarsa, shekara 41.

Karen Waller da kwalbar zaiba

Tun kafin a haifi Einthoven masana sun san akwai lantarki a tare da bugun zuciya. Carlo Matteucci na Italiya ya nuna haka a 1842, sannan Kölliker da Müller a Jamus suka tabbatar a zuciyar kwaɗo a 1856. Matsalar ita ce lantarkin ɗan mitsitsi ne. Abin da ke isowa fatar mutum bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na ƙarfin ƙaramin batirin tocila ba.

A 1887 Augustus Waller na asibitin St Mary's da ke Landan ya zama na farko da ya ɗauki zanen lantarkin zuciyar ɗan Adam. Ya yi amfani da wata siririyar kwalba mai zaiba a ciki, wadda Gabriel Lippmann na Faransa ya ƙirƙiro. Idan lantarki ya ratsa, sai zaibar ta ɗan motsa, a ɗauki hoton motsin. Waller yakan nuna wa jama'a gwajin da karensa mai suna Jimmie, yana tsaye ƙafafunsa cikin kwanonin ruwan gishiri.

Einthoven ya ga wannan gwaji a taron masana na duniya da aka yi a Basel ta ƙasar Suwizalan a 1889. Daga nan hankalinsa ya koma kan zuciya.

Zaiba tana da nauyin jiki. Kafin ta motsa ta dawo, bugun ya riga ya wuce, don haka zanen yakan fito a dagule. Einthoven ya shafe shekaru yana gyara zanen da lissafi, yana ƙiyasta yadda ya kamata ya kasance da a ce zaibar na da sauri. A 1895 ya wallafa sakamakon: kowane bugu yana da motsi biyar, ya sa musu haruffan P, Q, R, S da T. Har gobe da waɗannan haruffa likitocin duniya ke magana.

Zaren da aka harba da baka

Lissafin na cin lokaci, ga shi ba kowane likita ne zai iya ba. Einthoven ya ƙudura sai ya samu na'urar da za ta zana gaskiyar abin kai tsaye.

Dabararsa ita ce ya maye gurbin zaiba da abin da kusan ba shi da nauyi. Aka narkar da wani farin dutse mai kama da gilas, aka maƙala shi a jikin kibiya, aka harba daga wannan kusurwar ɗaki zuwa waccan. Narkakken dutsen ya miƙe ya zama zaren da ya fi silin gashi siranta nesa ba kusa ba. Aka shafa masa azurfa don ya ɗauki lantarki, aka ɗaure shi tsakanin manyan maganaɗisu biyu.

Idan lantarkin zuciya ya bi ta zaren, sai ya karkata gefe guda. Idan lantarkin ya juya, sai ya karkata ɗaya gefen. Ana haska shi da fitila, madubi ya ƙara girman inuwarsa, inuwar ta faɗa kan farantin hoto mai tafiya.

Ya fara bayanin na'urar a 1901, ya fitar da zanen farko a 1902, ya yi cikakken bayani a 1903. Nauyinta ya kai kilo 270, tana buƙatar mutum biyar su sarrafa ta, kuma sai ana zagaya mata da ruwa saboda zafin da maganaɗisun ke ɗauka. Wanda za a gwada yakan zauna a kujera, ya tsoma hannuwansa da ƙafarsa ta hagu cikin bokitan ruwan gishiri. Bokitan nan su ne kakannin 'yan faya-fayan da ake manna wa mutane a yau.

Ma'aunin da ya tsayar, wato takarda ta riƙa tafiyar milimita 25 a daƙiƙa ɗaya, tsayin santimita ɗaya kuma ya tsaya a madadin milibolt ɗaya, shi ne wanda akasarin asibitoci ke bi har yanzu.

Da yake ba a iya ɗaukar na'urar zuwa gadon maras lafiya, sai ya ja wayar tarho daga asibitin jami'a zuwa ɗakin bincikensa, tazarar kusan kilomita ɗaya da rabi. A watan Maris na 1905 aka fara aiko da bugun zuciya ta waya. Maras lafiya na asibiti, Einthoven na ɗakinsa yana ganin bugun da ya yi tsalle ko ya makara. A 1906 ya wallafa tarin zane-zanen masu cututtukan zuciya daban-daban.

Mai tahowa da mai tafiya

A nan ne babbar tambayar ta taso. Idan aka haɗa na'urar da hannun dama da na hagu, zane iri ɗaya ke fitowa. Idan aka haɗa da hannu da ƙafa, sai wani irin ya fito, alhali mutum ɗaya ne, zuciya ɗaya, lokaci ɗaya.

Amsar tana da sauƙin fahimta idan aka kwatanta da tafiyar mutum. A ce wani ya taso daga rijiyar Kusugu ya nufi ƙofar fadar Sarkin Daura. Wanda ke tsaye a ƙofar fada zai ce ga shi nan tahowa. Wanda aka bari a bakin rijiya zai ce ga shi can tafiya. Wanda ke zaune a gefen hanya zai ga ya matso, ya gifta, sannan ya yi nisa. Duk su ukun gaskiya suka faɗa, wurin tsayuwarsu ne ya bambanta.

Haka lantarkin zuciya yake. Yana tasowa daga wani ɗan gurbi a saman zuciya ta ɓangaren dama, ya bazu cikin ɗakunan sama biyu, ya ɗan dakata a tsakiya, sannan ya gangara cikin manyan ɗakunan ƙasa biyu masu tura jini. Da yake ɗakin ƙasa na hagu ya fi kauri, jimillar tafiyar takan nufi ƙasa ne ta wajen hagu.

Kowace mahanga da na'ura ke kallon zuciya ta cikinta tana da kai biyu kamar batirin mota, ɗaya mai alamar tarawa, ɗaya mai alamar ɗebewa. Mai alamar tarawa shi ne idon mahangar. Idan lantarki ya nufo idon, zane ya hau sama. Idan ya ba shi baya, zane ya nutsa ƙasa. Idan ya gifta ta gefe, zanen ya ɗan hau ya ɗan sauka, ko ya kusan kwantawa. Gwargwadon yadda tafiyar ta saitu da idon, gwargwadon tsayin tudun.

P shi ne ratsawar lantarki cikin ɗakunan sama. Q, R da S tare su ne ratsawarsa cikin ɗakunan ƙasa. T kuma shi ne lokacin da ɗakunan ƙasa ke mayar da cajinsu don shirin bugu na gaba.

Alwatikar Einthoven

Einthoven ya zaɓi mahanga uku, ya sa musu lamba I, II da III. Ta I tana kallo daga hannun dama zuwa na hagu, idonta na hannun hagu. Ta II daga hannun dama zuwa ƙafar hagu, idonta na ƙafa. Ta III daga hannun hagu zuwa ƙafar hagu, ita ma idonta na ƙafa. Ya tsara su ne yadda a jikin yawancin masu lafiya babban tsinin zai kalli sama.

A wani jawabi da ya yi wa wata ƙungiyar likitoci ta unguwar Chelsea a Landan a 1912, ya bayyana cewa kafaɗu biyu da ƙafar hagu tamkar kusurwoyi uku ne na alwatika mai daidaitattun ɓangarori, zuciya kuma tana tsakiyarta. Hannu da ƙafa aikin waya kawai suke yi, shi ya sa ko a wuyan hannu aka manna faifai ko a damtse, zanen ba ya canzawa sosai.

Daga wannan alwatika wata ƙa'ida ta fito: tsayin zane a mahanga ta I idan aka tara da na ta III, dole ya ba da na ta II. Idan R ya kai milimita 4 a ta I, ya kai 6 a ta III a daidai wannan lokacin, to 10 za a gani a ta II.

A 1913 shi da abokan aikinsa biyu, George Fahr ɗan Amurka da Alfred de Waart, suka wallafa yadda za a yi amfani da mahangun uku a lissafa ainihin alƙiblar da lantarkin ya fuskanta. Suka nuna cewa alƙiblar tana sauyawa idan mutum ya ja numfashi ko ya juya kwanciya, domin zuciyar kanta tana ɗan gusawa. Dogon siririn mutum zuciyarsa ta fi tsayuwa a tsaye, mai ƙiba ko mai tsohon ciki tasa ta fi kwanciya, kuma zanen kowa yakan nuna hakan ba tare da wata cuta ba. Amma idan alƙiblar ta karkace fiye da kima, tana iya nuna wani ɗakin zuciya ya yi kauri, ko wata hanyar lantarkin ta toshe.

Daga uku zuwa goma sha biyu

Waller da kansa, har zuwa 1911, bai ga alamar gwajin zai samu gurbi sosai a asibiti ba. Wanda ya kai shi gadon marasa lafiya shi ne Thomas Lewis, wani matashin likita a Landan da ya riƙa musayar wasiƙu da Einthoven daga 1908. Lewis ya yi amfani da na'urar wajen rarrabe nau'o'in rikicewar bugun zuciya, ya fitar da littafi a kai a 1911. Kamfanin ƙera kayan kimiyya na Cambridge, wanda Horace Darwin ɗan Charles Darwin ke jagoranta, ya shiga ƙera ƙananan samfura na sayarwa. A 1920 Harold Pardee a New York ya bayyana yadda zane ke sauyawa idan jijiyar da ke shayar da zuciya ta toshe.

Mahangun Einthoven uku duk daga gaba suke kallon zuciya, kamar mai kallon hoto a bango. Bayan rasuwarsa, Frank Wilson na Jami'ar Michigan ya samo hanyar haɗa wayoyin gaɓoɓi uku su zama tsakiya guda, ta yadda za a ɗora ido ɗaya a ƙirji a kalli zuciya daga kusa. A 1938 ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka da Birtaniya suka amince da wurare shida na ƙirji, waɗanda ake kira V1 zuwa V6. A 1942 Emanuel Goldberger ya ƙara mahanga uku, aVR, aVL da aVF. Uku da shida da uku, shi ne goma sha biyun da ake gani yau, da wayoyi goma kacal. Ta ƙafar dama ba ta zana komai, aikinta rage hayaniyar lantarkin da ke kewaye.

Ƙa'idar dai ba ta sauya ba. Idon aVR yana kafaɗar dama, lantarki na ba shi baya, don haka zanensa a kife yake fitowa ga mai lafiya. V1 tana daman ƙashin ƙirji, babban motsinta ƙasa yake yi. V6 tana ƙarƙashin hammatar hagu, lantarki na nufo ta, tsininta sama yake kallo. Tsakaninsu tudun R yana ƙara tsayi sannu a hankali.

Idan waya ta ɓata wuri

Abin da Einthoven ya gano yana da gefe na biyu. Tunda wurin ido ne ke tsara zane, to idan aka sa ido inda bai kamata ba, na'ura za ta zana cutar da babu ita, ko ta ɓoye wadda ke akwai.

Kuskuren da aka fi sani shi ne musanya wayar hannun dama da ta hagu. Nan take mahanga ta I za ta kife gaba ɗaya, ta II da ta III su yi musayar wuri, aVR kuma ta miƙe sama. Zanen sai ya yi kama da na wanda aka haifa zuciyarsa na ɓangaren dama. Gogaggen likita yakan duba mahangun ƙirji: idan tudun R na ƙaruwa daga V1 zuwa V6 yadda aka saba, to wayoyi ne aka juya.

Na biyu shi ne ɗora V1 da V2 can sama kusa da wuya. Wurinsu shi ne rami na huɗu tsakanin haƙarƙari, dama da hagun ƙashin ƙirji, kuma da yatsa ake ƙirgawa a gano shi. Idan suka hau sama, P na iya kifewa, zanen kuma ya yi kama da na wanda ya taɓa samun bugun zuciya. Mutum lafiyayye sai a ɗora masa fargaba da kashe kuɗin gwaje-gwajen da ba ya buƙata.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Hawan jini ya yi yawa a cikin al'umma, kuma yana sa ɗakin hagu na zuciya ya yi kauri, abin da ECG kan iya nunawa. Ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, wanda Eldryd Parry da Neil Davidson suka yi nazari a kansa a Zariya cikin shekarun 1970, har yanzu likitocin Arewa na fama da shi. Mata da yawa kunya kan sa a manna musu faya-fayan ƙirji a gurguje, a wurin da ya fi sauƙin kaiwa. Mace na da damar neman ma'aikaciya mace ta yi mata gwajin a cikin sirri, don kowace waya ta zauna a mazauninta. Yana da kyau kuma mutum ya adana tsohuwar takardar gwajinsa, domin kwatanta tsohon zane da sabo na taimaka wa likita ya bambance sauyin zuciya da sauyin wurin waya.

Kyautar Nobel da ƙarshen rayuwa

A 1924, yana rangadin gabatar da laccoci a Amurka, labari ya iske shi cewa an ba shi kyautar Nobel ta fannin likitanci saboda gano yadda zanen lantarkin zuciya ke aiki. A jawabin da ya gabatar a Stockholm cikin Disambar 1925, ya jinjina wa masu bincike na ƙasashe da dama, ya ware Thomas Lewis da yabo na musamman.

Marubuta tarihinsa sun ruwaito cewa ya nemi tsohon mataimakinsa Van de Woerd, wanda ya taya shi harhaɗa na'urar a shekarun farko, don su raba kuɗin kyautar. Ya tarar mutumin ya rasu, ya bar 'yan uwa mata biyu cikin talauci. Sai ya ba su rabin kuɗin.

Yana da 'ya'ya huɗu, mata uku da namiji ɗaya. Namijin, Willem Frederik, injiniya ne, kuma shi da mahaifinsa sun yi amfani da irin wannan zare wajen kama saƙonnin rediyo da ake aikowa daga Java, tsibirin da aka haifi uban. A shekarunsa na ƙarshe Einthoven ya koma auna sautin zuciya da lantarkin jijiyoyi da na ido.

Ya rasu a Leiden ranar 29 ga Satumbar 1927 bayan doguwar jinya, yana da shekara 67. An binne shi a maƙabartar wata coci da ke garin Oegstgeest, kusa da Leiden.

Na'urarsa mai kilo 270 ta zama kayan tarihi. Wadda ta gaje ta a yau ma'aikacin jinya na ɗaukarta da hannu ɗaya, wasu agogunan hannu ma suna zana mahanga guda mai kama da ta I idan mai agogon ya ɗora yatsan ɗaya hannun a kai. Lambobin I, II da III da haruffan P, Q, R, S, T da ke kan kowace takardar ECG nasa ne, kuma ɗaliban likitanci a Kano da Zariya da Sakkwato har yau da alwatikarsa suke fara koyon karatun zuciya.